Zinariyar da Aka Yi wa Guga

Filadelfiya,
24 ga Nuwamba, 1907

Zuwa ga Yayata Nesta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da mijinki Huw da yara. Yaya sanyin ƙauyenmu Delta? Tarin ƙaramar ya sake ta kuwa? Ni lafiyata ƙalau, sai kewar gida da kewar burodinki mai zabibi, don na garin nan suna kawai gare shi.

Wasiƙarki ta zo, kuma ta hana ni sakat. Kin ce Baba ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, abinci sai kin yi da gaske yake kai cokali biyu baki, har waƙoƙin cocin da yake damun mu da su kowace safiya ya daina. Kin ce likita ya ja ki gefe ya ce makantar ba ita ce abin tsoro ba yanzu, zuciyar ce ta karye, in aka tafi a haka ba lalle ya ga ƙarshen hunturu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar kayan aiki. Wato har Gethin Rees, ɗan ƙanwar Baba, ya fara zarya, yana jiran sabuwar shekara ya kwashe gudumomin Baba da ƙarafan sassaƙarsa? Gethin da ko sunansa ba ya iya tsagawa a dutse bai karkace ba? Na san Baba ne da bakinsa ya ce a ba shi, amma ni da ke mun sani, ranar da akwatin kayan aikin nan ya bar gidan, Baba zai bi bayansa. Mutumin da babu kabari a bayan cocinmu da ba hannunsa ne ya sassaƙa dutsen ba, har na Mama. Ki ja wa Gethin rai, ki ce makulli ya ɓata, ki ce komai.

To, yanzu ga abin da nake so ki yi mini. Ki shiga kicin, ki bar ƙofa a buɗe, ki karanta sauran wasiƙar nan da ƙarfi kamar Huw kike karanta wa. Kada ki ce don Baba ne. Kin san shi, in kin ce ya saurara zai toshe kunne.

Yaya, na ga wani abu shekaranjiya da har yanzu bai fita daga raina ba. Kin san aikina a gidan buga kuɗi bai wuce zama gaban ma'auni ba, mu mata jere da rigunan fata, tagogi a rufe don kada iska ta kaɗa sikeli. A miƙo mini kwandalar zinariya, in auna, in ta yi nauyi in ɗan goge gefenta da magagari, in ajiye. Shekara uku ina wannan, har zinariya ta zama mini kamar dankali. Dala ashirin da muka saba kuwa kin san ta, kan wata mata a gefe ta ɗaure gashi tamau, tun kafin a haifi Mama take nan ba ta motsa ba. Sai ga shi ranar Juma'a an shigo mana da tire guda na sabuwar dala ashirin, duk muka miƙo wuya.

Mace ce a tsaye, gaba ɗayanta, daga kai har ƙafa. Kuma ba gefe ta ba ka ba, kai take fuskanta, tahowa take yi wurinka da saurinta. Hannun dama ta ɗaga sandar wuta mai ci, na hagu reshen zaitun. Iska ta kwashi gashinta da rigarta gefe guda. Ta ɗora ƙafa ɗaya a kan dutse, a bayanta rana na fitowa, taurari sun kewaye baki. In kin juya, mikiya ce ta buɗe fukafukai tana ratsa hasken rana. Amma duk wannan ba shi ne labarin ba. Labarin shi ne tudun. Filin kwandalar ya lotsa kamar ƙaramin faranti, ita kuma ta taso daga cikinsa, gwiwarta ta turo har sai da na ji ta tokare mini babban yatsa. Na rufe ido na shafa, na ji kowane ninkin rigar, na ji gashin mikiya ɗaya bayan ɗaya. A take na tuna da wani mai taurin kai da ke Delta, wanda yatsunsa suka fi idon kowa gani.

Ki gaishe mini da Huw, ki sumbaci yara. Shi kuma mai fuskantar bango, ki ce Akunsa, kamar yadda yake kirana saboda surutu, tana gaishe shi.

Ƙanwarki,
Olwen Pritchard


Filadelfiya,
5 ga Disamba, 1907

Yaya Nesta,

Bayan gaisuwa da fatan kowa ya tashi lafiya. Sai da na yi tsalle a tsakiyar ɗaki da na karanta amsarki, har matar da nake haya a gidanta ta buga mini silin da tsintsiya daga ƙasa. Ashe dabararmu ta ci. Kin ce kina tsakiyar karatu sai kika ji murya daga falo: "Ƙarya take yi. Ƙarfe ba laka ba ne." Yaya, wata nawa rabon da ya ce wa wani maƙaryaci? Na fi jin daɗin zagin nan da duk wata addu'a da aka yi mini bana.

Tunda ya shigo maganar, sauran na shi ne, ki karanta masa kai tsaye.

Baba, ina gaisuwa. Ka ce babu injin da zai tayar da gwiwar mace daga zinariya da bugu ɗaya. Gaskiyarka, kuma ai ban ce bugu ɗaya ba. Na je na tsare Dermot, wani ɗan Ayalan da ke kan babban injin buga lambobin yabo, na hana shi cin abincin ranarsa sai da ya yi mini bayani. Kuɗin yau da kullum sau ɗaya hatimin ƙarfe ke sauka a kai, su yi ta zubowa kamar wake. Wannan kuwa sai a buga, a cire, a sa ta a wuta ta yi laushi, a wanke, a mai da ta daidai wurin da ta tashi ba tare da ta goce ko da kaurin gashi ba, a sake bugawa. Sau uku aƙalla. Na ce masa ai wannan wahala ce. Ya ce, "Wahala? Ki gode wa Allah ba hancinki aka sa mata ba, 'yar Pritchard, da sai mun buga sau goma." Ka ji abin da ka gadar mini, hanci mai tudu a tsakiya, har a birni ba a bar ni na huta ba. Na taka masa ƙafa da gangan da zan fita.

Ka kuma ce gwiwar za ta cinye a aljihun mutane kafin shekara goma. Wataƙila. Amma mala'ikan da ka yi wa matar fasto, wanda ka tayar da fukafukinsa har kowa ya ce ruwan sama zai karya shi, ai yana nan.

Ga yadda abin ya samo asali, kamar yadda ake faɗi a nan. Shugaban ƙasa ne ya dubi kuɗinmu ya ce muninsu ya ishe shi, yana son irin na mutanen Girka na dā, masu tudu da zurfi. Aka ba wani babban mai sassaƙa aikin. Ashe mutumin ciwo na cin sa, amma bai ajiye ba, yana kwance yana ba da umarni a ƙara nan a rage can, har ya rasu a watan Agusta bai ga ta shiga hannun jama'a ba. Ban faɗi wannan don in yi habaici da kowa ba, Baba. Labari ne kawai.

Akwai abin da zai ba ka dariya. Shekarar ba da lambobi aka rubuta ta ba, da haruffan Rumawa ne irin naka na kan kabari, MCMVII. Rabin matan ɗakinmu sun ɗauka sunan matar ne. Ni kaɗai na karanta, don na sha riƙe maka igiyar awo ina kallo. Sannan ba a sa sunan Allah a jiki ba kamar yadda yake a tsohuwar, ga fastoci sun tayar da jijiyar wuya a jaridu. Na san me za ka ce, cewa Ubangiji ba shi da buƙatar a riƙa cacar karta da sunansa. Ku ƙarata kai da fastonmu.

Yaya, na dawo gare ki. Kada ki karanta masa wannan. Na yanke shawara zan saya masa guda ɗaya, ya taɓa da hannunsa ranar Kirsimeti. Ba a sayarwa a wurin aikinmu, ko ƙurar zinariya ba ta fita da mu, sai dai a nema a banki. Rigar sanyin da na yi niyyar ɗinkawa ta jira baɗi. Hutu kam babu, tun da bankuna suka shiga ruɗanin nan na watan Oktoba kowa zinariya yake nema, aiki ya yi mana yawa. Kin ce ya ci ƙwai biyu jiya yana mita. Ki ƙara masa na uku.

Taki,
Olwen


Filadelfiya,
16 ga Disamba, 1907

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan ƙafar Huw ta yi sauƙi. A tsaye nake rubuta wannan, don zama ya gagare ni.

Da farko labari marar daɗi. Za a daina yin mai tudun. Ma'aikatan banki sun yi ta ƙorafi wai ba ta jeruwa. Su aikinsu a jera kwandala ashirin-ashirin a tsaye, ita kuma in ka ɗora ɗaya kan ɗaya sai gwiwa ta tokare fukafuki, jerin ya yi ta rawa ya zube. Ga kuma jinkirin bugawa. Saboda haka an sake yanka hatimi, an danne hoton ya kwanta yadda bugu ɗaya zai isa, an mai da shekarar lambobi. Na auna sababbin da hannuna. Kyau dai tana da shi in ido ne zai kalla, amma in ka shafa ba ka jin komai sai santsi. Masu tudun kaɗan aka yi, kuma da sun isa banki sai su ɓace, kowa na ɓoye tasa.

Na zaga bankuna har takalmina ya fara shan ruwa. Wani kashiya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baiwar Allah, ni ma da zan samu ai ba zan ba ki ba." Aƙalla ya faɗi gaskiya.

Sai jiya bayan sujada na tuna da Mista Kimbal, dattijon da ke karɓar baiko a cocin da nake zuwa, kashiya ne a wani ƙaramin banki kusa da kasuwa. Mutum ne mai tsari, ko littafin waƙa ya gani a karkace sai ya gyara. Na tare shi a bakin ƙofa na zayyana masa komai, Baba, makanta, Kirsimeti. Har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Sabuwar dala ashirin? An kawo mana kaɗan ranar Asabar. Ki kwantar da hankalinki, yarinyata, mahaifinki zai sami wadda ta fi kowacce kyau." Yau da rana na ruga na kai masa kuɗin. Kin san al'adarsu ta Kirsimeti, ƙaramin akwati mai shimfiɗar karammiski da suke saka kyautar zinariya. Ya ce shi da kansa zai saka, ya liƙe da kaki, ya kai gidan waya ya yi rajista, tunda kafin in tashi aiki sun rufe.

Yaya, tana hanya. Yanzu kam ki gaya masa, ya sami abin jira. Ki ce masa Aku ta ce ya wanke hannu, ya shirya janye kalmar ƙarya a gaban shaidu. Ina ma a ce ina nan in ga fuskarsa lokacin da yatsansa zai ci karo da gwiwar nan. Ki lura da kyau, ki rubuto mini komai, har yadda girarsa ta yi.

Ƙanwarki mai murna,
Olwen


Filadelfiya,
22 ga Disamba, 1907

Yaya Nesta,

Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajeriya ce. In akwatin ya iso, ki ɓoye shi. Kada ki ba Baba. Ki ce jirgi ya maƙale a dusar ƙanƙara.

Yau a coci na je yi wa Mista Kimbal godiya. Yana ta murmushi, ya kama hannuna ya ce, "Na yi miki gata, yarinyata. Waɗanda aka kawo mana da fari masu aibi ne, na gwada su a kan tebur, ko uku ba sa jeruwa. Na ce haba, ba ni zan aika wa dattijo makaho da kuɗin da ba su gama gyaruwa ba. Sai na jira gyararrun suka zo, na zaɓar masa sabuwa fil, lafiyayya, shimfiɗaɗɗiya." Na ce ina masu tudun? Ya ce ai ya rabu da su tun ranar Talata, wasu ma har godiya suke yi masa, abin ya ba shi mamaki.

Ban san yadda na fito daga cocin ba. Da mugunta ya yi mini da na san abin da zan gaya masa, amma mutumin nan har zuciyarsa alheri ya yi. Shekara talatin yana jera kuɗi, a wurinsa kwandalar kirki ita ce wadda ta zauna lafiya a kan 'yar'uwarta. Na faɗa masa gwiwa, na faɗa masa yatsu, ashe shi abin da ya ji kawai sabuwa da mai kyau.

Dermot ya tambaya mini wurin dillalai, kuɗin da suke kira yanzu ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba.

Tsoro nake ji, Yaya. Na ɗaga masa rai wata guda, na sa ya juyo da kujerarsa. In ya shafa ya ji santsi, zai ce har 'yarsa ta mai da shi yaron da ake lallashi da tatsuniya don ya ci abinci. Zai koma bangon nan, kuma wannan karon babu wasiƙar da za ta juyo da shi. Ki ɓoye, don Allah, har in san abin yi.

Olwen


Delta,
6 ga Janairu, 1908

Zuwa ga ƙanwata Olwen,

Gaisuwa da fatan alheri, da barka da sabuwar shekara. Muna lafiya, ƙafar Huw ta warke, yara sun koma makaranta. Ni ba gwanar rubutu ba ce kamarki, zan faɗa miki yadda aka yi kawai.

Wasiƙarki da kika ce a ɓoye akwati ta zo a makare. Ko da ta zo da wuri ma ba yadda zan yi, don tun ranar da na gaya masa ya sa Huw ya yi masa aski, ya kafa kujera a bakin ƙofa yana jiran ɗan wasiƙa. A hannunsa aka sa akwatin, da shi yake kwana.

Ranar Kirsimeti bayan mun dawo coci ya ce a ba shi ruwa da sabulu. Ya wanke hannu kamar yadda kika ce, ya fasa kakin da farce. Ni ina tsaye da wasiƙarki a aljihu. Ya ɗora ta a tafin hannu, ya bi ta da yatsa, ya juya, ya sake juyowa. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Nesta, ina gwiwar?" Ya sake shafawa ya ce, "Ina haruffan Rumawan? Wannan ai lambobi ne." Sai na fito da wasiƙar na karanta masa duka, har da inda kika ce a ɓoye.

Na ɗauka zai yi shiru. Olwen, tunda nake ban taɓa ganin fushinsa irin na ranar ba. Ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. Ya ce, "Guga suka yi mata. Mutum ya mutu a kan aikinsa, su kuma suka sa dutsen guga suka bi ta kai don ta jeru a aljihun tebur." Na ce ko Olwen ce ta ƙara gishiri? Ya ce, "Rufe mini baki. Aku surutu gare ta, ba ƙarya ba. Ga sawun aikin nan ina ji a ƙarƙashi, wanda ya yi wannan ya san dutse. Fuskar ce ma suka shafe gaba ɗaya, ba hanci ba baki." Ya ci naman agwagwa faranti biyu yana zagin Mista Kimbal, mutumin da bai taɓa gamuwa da shi ba.

Washegari ya sa na sake karanta masa wasiƙunki tun daga ta farko, yana tsayar da ni yana cewa maimaita nan.

Ranar sabuwar shekara Gethin ya zo da baro zai kwashi kaya. Baba ya ji ƙarar tayar tun daga kan hanya, ya fita har bakin ƙofa ba sanda. Gethin ya ce, "Kawu, na zo kan maganarmu." Baba ya ce, "Wa ya gaya maka na mutu? Juya baronka, kuma ka sa masa mai, yana damun unguwa."

Yanzu kullum yana rumfar baya. Ya sa Huw ya ciro masa guntun dutsen allon da ya rage daga na kabarin Mama, wanda ya hana kowa taɓawa. Kwandalar na hannun hagu yana shafawa, ya ajiye, ya lalubi dutse, ya ɗora ƙarfe. Ya yanke yatsu ya fi a ƙirga, duk tsummokarana sun ƙare a ɗauri. In na leƙa sai ya rufe da buhu, wai ba a kallon aiki sai ya gama. Jiya na ji yana waƙa, muryar duk ta dushe.

Ya ce in tambaye ki, kuma ki amsa ba dogon surutu: wace ƙafa ce a kan dutsen, tudun gwiwar ya kai kaurin me, kuma rigar daga kafaɗa take ninkewa ko daga ƙugu. Na ce ya tambayi fuskar mana, tunda ita ce ba ya ji. Ya ce ba ya buƙata.

Ki sayi rigar sanyi ko ta gwanjo ce, kada ki kwanta mana ciwo.

Yayarki,
Nesta


Filadelfiya,
15 ga Maris, 1908

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, da fatan yatsun sun warke. Yaya ta ce har ka karɓi aikin dutsen kabarin tsohuwar malamarmu, kai kana yanka haruffa Huw yana ja maka layi. Ina gaida Yaya da ke karanta maka wannan, kuma ina roƙonta kada ta tsallake ko kalma ɗaya.

Ƙunshinka ya iso ranar Alhamis, ɗan wasiƙa yana nishi yana tambaya ko tubali ake aiko mini daga ƙauye. Na warware buhun a kan gado. Baba, na zauna a ƙasa, ashe kwandalar ce ka sassaƙa a dutse. Faɗinta ya kai farantin cin abinci, baƙa wuluk tana sheƙi, ga matar ta taso daga cikin dutsen fiye da duk wadda injinmu ya taɓa bugawa. Gwiwar ta fito har ana iya kama ta da yatsu biyu. Ga rana a baya, ga iska a cikin rigar, ga haruffanka na Rumawa a tsaye ƙyam. Tauraro ɗaya ya ɗan goce daga layi, kuma akwai wurin da ƙarfe ya zame kusa da reshen zaitun, na faɗa ne don kada ka ce ina lallashinka.

Yau bayan coci na kira Dermot da mata biyu daga ɗakin awo su zo su gani. Dermot ya cire hula, ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya ce a rayuwarsa bai ga irin wannan ba. Can sai ya ɗago ya dube ni, ya sake duban dutsen, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ai ga shi nan an sa mata. Na rantse sai an buga sau goma." Matan ma suka kama dariya. Ni ban gane ba, kwana uku ina kallonta amma gwiwa da riga nake ta dubawa.

Da suka tafi na rufe ido na bi fuskar da yatsa, yadda kake yi. Na ji tudun a tsakiyar hanci. Na ji girar hagu ta ɗaga sama, yadda Yaya ke cewa ina yi in zan yi gardama. Na ji ɗan tabon haɓa na ranar da na faɗo daga kan tarin duwatsunka. Bakin kuma a buɗe ka bar shi, Baba. Ko a dutse ba ka yarda na yi shiru ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Rabonka da ganina tun ranar da ka raka ni tasha, lokacin idonka na dama bai gama rufewa ba, kuma abin da na bar maka a ranar ƙeyata ce, ina sauri kada jirgi ya tashi. Ban san ka adana fuskar haka ba.

Na jingina ta a kan tebur tana fuskantar ƙofa. Duk inda na tsaya a ɗakin, tahowa take yi, ƙafa ɗaya a gaba, ba ta da niyyar tsayawa. Na gane saƙon, ba sai ka sa Yaya ta rubuta ba. Na riga na nemi hutun Ista, an ba ni. Zan sauka a jirgin rana ranar Asabar, jajibirin Ista. Kada ka aiko Huw, kai nake so in tarar a tasha, ka wanke hannu ka duba ko ka yi kuskure a wani wuri.

Ka gaida Yaya da Huw da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Aku